Tela da Wasan Helenawa

A Zongon Lome akwai wani tela, dattijon ikilisiya, wanda ya yi shekara uku yana jin nauyin faɗa wa mutane abin da 'yarsa take karantawa a jami'a. In an tambaye shi sai ya ce, "Karatun malanta take yi," ya sunkuyar da kai kan keken ɗinkinsa. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Yarinyar tana binciken wasannin kwaikwayo ne na Helenawan dā, mutanen ƙasar Girka, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 400 kafin haihuwar Almasihu.

Mahaifin telan mutumin ƙasar Maradi ne. A Tsibiri ya ji bishara a bakin 'yan mishan, daga baya ya biyo fataken shanu zuwa kudu har Allah ya sauke shi a Lome. A wancan lokaci Zongo a tsakiyar gari yake. A shekara ta 1977 hukuma ta rushe unguwar, aka kwashe mutanenta zuwa wani fili a Aguwe, wajen kilomita 15 arewa da gari, a bakin hanyar da take tafiya arewa. Telan yana da shekara 17 a ran nan. Shi da ƙanensa ne suka ɗora katifar mahaifiyarsu da tukwanenta a mota. A sabon wurin aka ba mahaifinsu fili, suka buga tubali da hannunsu, suka gina ɗaki uku.

Masu bi a Zongo ba su da yawa. Maƙwabtan telan duka Musulmi ne, masu cinikin goro da shanu. Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa cewa Kirista a irin wannan unguwa ba shi da jarin da ya fi mutunci. In ya yi ƙarya, ko ya ci amana, ba sunansa kaɗai za a kira ba, har da sunan Ubangijinsa. Saboda haka ya tashi mutum mai magana ɗaya. In ya ce riga ran Talata, to, ran Talata ce. Liman da ladan duk a wurinsa suke ɗinkin salla.

'Yarsa ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka "Uwata" yake kiranta. Ya so ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kuwa ta shiga sashen adabi a Jami'ar Lome, da ta gama ta sami gurbi a Jami'ar Gana da take Legon, kusa da Akara, inda ake koyar da Helenanci na dā. Da ta zo hutun farko a 2017, sai ya zaunar da ita a shago.

Ya ce, "Uwata, abu uku ne suke damuna. Na fari, mutanen nan masu bautar gumaka ne. Na biyu, sun mutu tun kafin kakannin kakanninmu. Na uku, wasa ne. Yaya ɗiyar dattijon ikilisiya za ta ƙare ƙuruciyarta a kan wasan arna?"

Ba ta musa masa na farin ba. Ta gaya masa cewa a birnin Atina a kowace shekara akan yi biki domin gunkin da suke kira Diyonisus, wanda suka ɗauka shi ne ubangijin ruwan inabi, a bikin nan ne kuwa ake yin gasar wasannin. Dubban mutane sukan zauna a gefen tudu tun da safe. Maza uku ne kaɗai suke yin dukan mutanen da suke cikin labari, har da mata, suna sauya fuskar aro, ga kuma 'yan amshi 15 suna waƙa suna rawa. Da telan ya ji gunkin giya sai ya girgiza kai. Ta ƙara masa da cewa ba shi ne ya fara wannan tsoro ba. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, Tartuliyan na Kartaj, wani malamin ikilisiya a arewacin Afirka, ya rubuta littafi guda yana hana masu bi zuwa gidajen wasa. Amma a ƙarni na 4 Basil, bishop na Kaisariya ta Kafadokiya, ya shawarci samari su karanta littattafan Helenawa kamar yadda ƙudan zuma yake bin furanni, ya ɗauki abin amfani ya bar saura.

Sai ta ɗauko Littafi Mai Tsarki nasa daga kan tebur, ta buɗe masa wurare uku. A Ayyukan Manzanni 17, sa'ad da Bulus yake wa'azi a Atina, ya kafa hujja da baitin wani mawaƙinsu, Aratus, wanda shi ma mutumin Kilikiya ne kamar Bulus. A 1 Korantiyawa 15:33, maganar nan da iyaye suke yi wa 'ya'yansu gargaɗi da ita a kan mugayen abokai, masana sun same ta a wasan wani marubucin Atina mai suna Menanda. Na uku shi ne ya fi tsaya wa telan a rai. Kalmar da aka fassara "munafuki" a Matiyu 6 da 23, a tsohon Helenanci sunan ɗan wasan kwaikwayo ce, mutumin da yake magana daga bayan fuskar aro. Telan ya yi shekara 20 yana koyar da waɗannan ayoyi a ajin baftisma, bai taɓa jin haka ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, na ji. Amma wannan ba ya sayen masara."

A hutu na biyu shi ne da kansa ya tambaye ta, "Wai mene ne aikin da kuke yi da gaske? Mutum ya rubuta abu, an buga, kun karanta. Ina binciken yake?" Binciken da mutanen Zongo suka sani shi ne irin na Bafaranshen nan Mishel Ajiye, wanda ya zauna cikinsu yana tambayar fatake, ya buga littafi a kansu a 1983. Wannan rayayyu ya tambaya. Amma yaya ake tambayar matattu?

Ta sunkuya ta kwashe guntayen ƙyalle daga ƙarƙashin tebur, ta zuba masa a gaba. Ta ce, "Baba, da za a ce waɗannan kaɗai suka rage daga wata babbar riga, za ka iya faɗin irin rigar?" Ya juya su ɗaya ɗaya, ya nuna wanda ya fito daga wuya, da wanda ya fito daga aljihu, ya ware biyu ya ce ba na rigar ba ne. Ta ce aikin ke nan. Sofokilis, wanda ya mutu a shekara ta 406 kafin haihuwar Almasihu, ya rubuta wasanni fiye da 120, amma 7 ne kaɗai suka iso cikakku. Su ɗin ma babu wanda yake da rubutun hannunsa. Kwafi mafi tsufa da ya haɗa su an yi shi a kan fata a Kustantiniya wajen shekara ta 950, cikin daular Kirista, aka kai shi Italiya a 1423, yana kuwa birnin Fulorans har yau. Tsakanin marubuci da wannan kwafi akwai shekara fiye da 1,300, hannu yana kwafa daga hannu, kowa da kuskurensa. Dole masana su jera kwafi da kwafi, su gane inda ido ya tsallake layi, da inda wani ya ƙara nasa.

Ta ba shi labarin wasu Turawan Ingila biyu, Girenfel da Hant, waɗanda suka fara tonon jujin wani tsohon gari a Masar a 1897, wurin da ake kira Bahnasa. Busasshen yashi ya adana guntayen takardun iwa wajen dubu 500. A cikinsu aka sami kusan rabin wani wasan Sofokilis da ya ɓace, aka buga shi a 1912. A cikin juji ɗaya ɗin nan kuma aka sami guntayen Bisharar Matiyu da ta Yahaya, waɗanda suna cikin mafi tsufa a duniya. Aikin bai ƙare ba, gama a 2022 an tono wata takarda a Masar mai layi kusan 100 daga wasanni biyu na Yurifidis da suka ɓace, aka buga ta a 2024. Ta ce masa hanyar da ake bi a tantance kalmar Sofokilis ita ce hanyar da ake bi a tantance kalmar Sabon Alkawari kafin a fassara shi da Hausa. Wannan ya shiga kunnen telan, domin shi ma mai haɗa yanki da yanki ne. Daga ran nan ya daina kiran abin wasa, yana ce masa "facin Uwata."

Wata rana da yamma wuta ta ɗauke, keken ya tsaya, sai ya ce ta ba shi labarin wasan da take rubuta kundinta a kai. Ta ce sunansa Antigoni, an fara yin shi wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Almasihu. A birnin Tibis 'yan'uwa biyu maza suka yi faɗa a kan sarauta, ɗaya yana tsaron gari, ɗaya ya kawo rundunar baƙi ya kewaye shi. Suka kashe juna. Kawunsu Kireyon ya hau gadon sarauta, ya yi doka a binne wanda ya tsare gari da girmamawa, wanda ya ci amana kuwa a bar gawarsa a fili, karnuka da ungulaye su ci, duk wanda ya binne shi a kashe shi. 'Yar'uwarsu Antigoni ta fita ta watsa wa gawar ƙasa. Da aka kama ta ba ta yi musu ba, ta nuna akwai dokar da ta girmi ta sarki. Kireyon ya sa aka toshe ta da rai a kogon dutse. Ɗansa, wanda zai aure ta, ya roƙe shi, ya ƙi. Sai da wani makahon mai duba ya tsoratar da shi ya sauko, ya je ya binne gawar, sa'an nan ya nufi kogon. Ya tarar ta riga ta rataye kanta. Ɗansa ya kashe kansa a gabansa, matarsa da ta ji ita ma ta bi.

Ta ce tambayar kundinta ita ce, me ya sa marubutan Afirka suke yawan komawa ga wannan labari? An yi shi da sabuwar riga a Gana a 1962. A Afirka ta Kudu an saka shi cikin wani wasa na fursunoni a 1973, Nelson Mandela da kansa ya taɓa fitowa a matsayin Kireyon a kurkukun tsibirin Robin. Silban Bemba na Kwango ya rubuta nasa a 1988, bayan kisan Toma Sankara. Femi Osofisan na Nijeriya ya kai labarin ƙasar Yarabawa ta zamanin mulkin mallaka a 1994.

Telan ya ce, "Wannan ba sai an je Legon ba." Ya tuna mata da watan Afrilu na 1991, lokacin tarzomar neman jam'iyyu da yawa, ran da aka tsamo gawa 28 daga tafkin Be a nan Lome. Ya ce ya ga mata suna bin gawawwakin suna duba fuskoki. "Kireyon mai mulki ne, Uwata. Kowace ƙasa tana da nata." Ya faɗi haka da ƙarfin zuciya, kamar yadda Dawuda ya yanke wa mai arzikin nan hukunci sa'ad da annabi Natan ya ba shi labarin 'yar tunkiya.

To, akwai abin da kowa a Zongo ya sani, ba a kuwa faɗarsa a gaban telan. Bayan mahaifinsu ya rasu a 1999, ƙanensa ya sayar da rabin filin gida a ɓoye, har da ɗakin da mahaifiyarsu take kwana. Ba su sani ba sai da mai saye ya zo da magina. Kuɗin ya ƙare a sodabi da caca, ƙanen ya gudu Kwatano. Tsohuwar ba ta ƙara shekara biyu ba. Ran jana'izarta telan ya rantse a gaban mutane cewa ba shi da ƙane, in ya mutu kuma ƙafarsa ba za ta taka kabarinsa ba. Shekaru suka wuce. Aka ji ƙanen ya komo Lome yana dako a tashar jirgin ruwa, baya zuwa sujada, baya zuwa masallaci. Sau biyu ya aiko yana neman a ba shi dama ya zo gaisuwa. Telan ya ce shi mai magana ɗaya ne.

A watan Agusta na 2019 wani ɗan zemijan ya kawo saƙo cewa ƙanen ya rasu a asibiti, gawarsa tana ɗakin ajiye gawa, ana neman dangi. Telan ya ce ya ji, ya ci gaba da ɗinki. A Zongo ba a kwana da gawa, in mutum ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi. Wannan kuwa ya kwana ɗaya, ya kwana biyar, ya kwana goma. Musulmi suka ce ba nasu ba ne. Dattawan ikilisiya suka ce sai wansa ya yi magana. Kuɗin ajiya yana ƙaruwa kullum, kowa kuma ya sani gawar da ba ta da mai ɗauka a ƙarshe rami ɗaya ake haɗa ta da wasu. Ran Lahadin da ta faɗo a tsakani telan ya sa farar rigarsa, ya tsaya ya koyar da yara Addu'ar Ubangiji.

'Yar tana gida hutu. Ba ta ce masa kome ba. Ran kwana na goma sha ɗaya ta ɗauki kuɗin da ta tara na komawa makaranta, ta je ta biya bashin ajiya, ta rubuta sunanta a matsayin dangi. Da labari ya iso shi, ya kira ta, muryarsa tana rawa. "Da izinin wa?" Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Ban ce Baffa bai yi laifi ba. Amma jininka ne, ba zan iya bari a zuba shi a rami ba suna." Ya ce in ta sake taka asibitin nan, to, ta nemi wani uban. Mahaifiyarta ta sa baki, ya daka mata tsawa.

Da dare maƙwabcinsa, wani Alhaji mai goro wanda suka yi ƙuruciya tare tun a tsohon Zongo, ya leƙo shago. Ya zauna ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Malam, fushinka gaskiya ne. Amma wanda kake fushi da shi ya tafi inda ba ya jin ka. Yanzu da yarinyar nan kake faɗa." Ya yi sallama ya fita.

Telan ya kasa barci. Daga baya ya gaya wa dattawa cewa ya nemi aya da za ta goyi bayansa, bai samu ba. Ya tuna da Rizfa a 2 Sama'ila 21, wadda ta zauna a kan dutse tana korar tsuntsaye daga gawar 'ya'yanta har sarki ya ji kunya. Ya tuna da Yusufu na Arimatiya, wanda ya je gaban Bilatus ya roƙi jikin wanda aka kashe kamar mai laifi. Ya san waɗannan tun yana yaro, amma ya saba da su har sun daina cizonsa. Abin da ya hana shi sakat shi ne labarin da ya ji sau ɗaya tak a cikin duhu. Ga ɗan'uwa da ya ci amanar gida. Ga gawa a yashe. Ga yarinya da ta fita ba da izini ba. Saura mutum ɗaya a labarin, ya duba ko'ina bai ga sarki ba, bai ga soja ba, sai wani tela mai magana ɗaya. Ya kuma tuna ƙarshen sarkin, cewa ya sauko, amma bayan da kogon ya riga ya cinye masa gida.

Kafin asuba ya kunna fitila, ya yanko farin yadi, ya ɗinka wa ƙanensa rigar da za a sa shi a akwati da ita. Bai bukaci gwaji ba, gama shi ya ɗinka masa rigarsa ta fari. Da gari ya waye ya buga ƙofar 'yarsa ya ce, "Uwata, tashi ki raka ni, ke kika san hanya." Aka binne ƙanen ran kwana na goma sha uku. Fasto ya yi addu'a. Alhaji da mutanen unguwa suka zo gaisuwa, suka zauna a tabarma har yamma. A bakin kabari telan ya ce wa jama'a ya yi rantsuwar da bai kamata ba, ya kuma riƙe ta shekara 18 yana kiranta gaskiya, alhali girmankai ce. Ya roƙi gafarar ikilisiya, ya roƙi ta 'yarsa. Abu ɗaya ne bai sami gyarawa ba. Sau biyu ƙanen ya aiko yana da rai, wannan kuwa telan yana ɗauke da shi har yau.

Kada mai karatu ya ɗauka Sofokilis ya zama annabi. Bai san Allah mai rai ba, wasansa kuma da kuka ya ƙare, babu gafara a ciki, babu tashin matattu. Abin da ya tashe telan ya kai shi kabari da bege, daga giciye ya fito. Amma Romawa 2 ta nuna cewa al'ummai ma Allah bai bar su ba tare da shaida a lamirinsu ba. Helenawan nan sun dubi zuciyar mutum da kyau, sun ga yadda mai gaskiya yake taurare har gaskiyarsa ta zama zalunci. Allah wanda ya buɗe bakin jakar Bal'amu bai rasa ikon yin amfani da tsohon wasa ba. Da magatakarda ba su kwafa ba, da masana ba su zauna suna haɗa guntaye ba, da yarinya ba ta jure wa harufan Helenanci ba, da labarin bai iso shagon tela a Zongo ba a daren da ake bukatarsa.

Iyaye da yawa suna auna karatun 'ya'yansu da mudun masara kaɗai, ba kuwa laifi ba ne uba ya damu da abin da ɗansa zai ci. Amma ya kamata a zaunar da yaro a tambaye shi abin da yake koyo, a saurara har ƙarshe. Wanda kuma yake da ɗan'uwan da ya rantse ba zai ƙara duban fuskarsa ba, kada ya jira saƙon ɗan zemijan.

'Yar ta gama kundinta, tana koyarwa a wata makarantar sakandare. A wani bikin Kirsimeti ta shirya wa matasan ikilisiya labarin Antigoni da Hausa, telan ne ya ɗinka musu kayan wasa. Yanzu in an tambaye shi abin da ta karanta, yakan tsai da keke, ya jawo wa mai tambaya kujera. Ubangiji ya ba kowane gida zuciya mai saukowa tun da sauran lokaci. Amin.